Ƙwaryar da Ba a Shuka Ba

Wa ya fi ɗaukar alhaki, wanda ya rantse a kan abin da bai sani ba, ko wanda ya sani ya bar shi ya rantse? Tambayar nan ko malaman zaure aka kai wa, sai sun rabu biyu. Auwalu gyartai dai bai kai wa kowa ita ba. Da safiyar ranar kasuwar Makarfi yana tsugune a tsakar gidansu a Gubuchi, yana naɗe basilla da zaren kaba a cikin tsumma, kunnensa kuwa yana ƙofar ɗakin Inna.

"Sake faɗa mini na Yarbawan," in ji tsohuwar.

"Ike, Inna," in ji ƙanensa Tukur daga cikin ɗakin. "Ike suke ce mata."

"Ike." Ta yi dariya har da tari. "To Bature fa?"

"Filastik."

"Na Faransan fa, mai magana da hanci?"

Tukur ya matse hancinsa da yatsu biyu, ya ja kalmar ta yi tsawo kamar kukan ɗan akuya. Inna ta riƙe ciki. "Kai Tukur, Allah ya shirye ka! Tukur, za ka kashe ni!"

Tukur shi ne auta. Tun kafin Turawa su sauke tutarsu ya bi wata babbar mota a matsayin karen mota, ya yi Badun, ya yi Ikko, ya leƙa Akara, har Fotlami ta ƙasar Cadi ya taka. Bayan an sami mulkin kai sai ga shi ya dawo da buhuna cike da kwanoni marasa nauyi, ja da kore da shuɗi, waɗanda ba ƙarfe ba, ba itace ba, ba kuma a gona aka shuka su ba. Roba. Ya kuma dawo da sunanta a bakin kowace ƙabila da ya zauna da ita, sunayen nan su ne rabin jarinsa.

Auwalu kuwa ɗan fari ne. Tun da Inna Kulu ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba. In tana son sa sai ta ce "kai", in tana zancensa ta ce "wancan". Ya san kunya ce, ya san haka kowace uwa ta kirki take yi wa ɗanta na fari, ya san ba ƙi ba ne. Amma sanin zurfin rijiya ba ya kashe ƙishirwa. Ga shi yau furfura ta fara fito masa a gemu, yana zaune yana jin bakin da bai taɓa furta "Auwalu" ba yana koyon sunan kwano da Yarbanci.

Ya dubi gindin rumbu. Tsohuwar ƙwaryar kokon Inna tana can, wadda ya ɗinke mata ba sau ɗaya ba, ɗinki mai kyau irin wanda ake juya ƙwarya a neme shi. Kaji ke shan ruwa a ciki yanzu. Inna da jar roba take shan koko.

Tukur ya fito yana gyara hula, ya waiga ya ga ba kowa, sannan ya tsuguna kusa da wansa ya zaro wani koren kwano daga ƙarƙashin riga.

"Yaya, dubi wani abu. Wata mata ce ta dawo mini da shi a Kudan."

Tsaga ce tun daga baki har kusa da gindi. Auwalu ya dube ta da gefen ido, bai miƙa hannu ba.

"Na ce ko za ka ɗan sa mata basilla, mu gani ko tana karɓa."

"Ni?" Auwalu ya ƙulle bakin tsummansa. "Abin da ke da suna a bakin Yarbawa da Larabawa ai ba ya rasa mai gyara. Kira shi da ɗaya daga cikin sunayen, wataƙila ya haɗe."

"Haba Yaya."

"Ƙwarya na gada. Basillar Baba ba za ta shiga wannan abin ba."

Tukur ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba, ya mayar da kwanon ƙarƙashin riga. Daga ɗaki Inna ta ɗaga murya: "Tukur, ka taho mini da mazarƙwaila. Kai kuma, ka lura da shi a hanya."

A kasuwa rumfar Auwalu tana bakin layin masu nono, inda kakansa ya zauna, ubansa ya zauna. Tukur ba shi da rumfa. Tabarma yake shimfiɗawa a gindin ɗorawa, daidai inda Auwalu ba zai ɗaga kai ba sai ya gan shi. Kafin hantsi ya yi zafi mutane sun kewaye shi.

"Ku matso ku ga ƙwaryar da ba a shuka ba! Bayarabe ya ce ike! Bature ya ce filastik! Balaraben Fotlami ya ce balastik, har da shafa gemu! Ibo ya ce roba, mutumin Akara ya ce roba, mu ma muka ce to, roba!"

"Bakano fa, me ya ce?" wani mai rake ya jefa masa.

"Bakano bai tambayi sunanta ba, cewa ya yi nawa ne sari!"

Aka fashe da dariya. Wata Bafillatana ta ce, "Mu fa, Kaɗo?"

"Ku ai ba ku yi mata suna ba tukuna, kuna jiran a yanka bijimin suna!"

Ya ɗaga shuɗin kwano ya maka shi da ƙasa, ya yi tsalle ya dawo hannunsa lafiya lau. "Ba ta fashewa, ba ta tsagewa! Na rantse da wanda ya halicce ni! Ranar da ta tsage, ku kore ni daga kasuwar nan!"

Haka yake rantsuwa kowace kasuwa tun kaka. Yau dai Auwalu ya ji muryar ta ɗan yi rawa a wajen rantsuwar.

Shi Auwalu ya daɗe da sanin abin da ƙanensa bai sani ba. Tun makon da Tukur ya dawo ya ɗauke wani ƙaramin kwano daga buhu, ba don yana so ba, don dai ya ga inda abin yake da lago. Ya jiƙa shi, bai ruɓe ba. Ya binne shi, gara ta ƙi shi. Ya soka masa basilla mai zafi don haushi, sai ya ga wurin ya narke ya koma ya daskare. Daga ƙarshe ya wurga shi kan rufin rumbu ya manta. Da zafin bazara ya kama ya hau gyaran jinka, ya tarar da shi ya koɗe, ya matsa shi da yatsa, sai ƙas, ya tsage kamar ɓawon ƙwai. Rana ce ajalinsa. Ba wanda ya san roba a ƙasar nan kamar mutumin da ya fi kowa ƙin ta.

Bai gaya wa Tukur ba. Ya ce a ransa ai ba a tambaye shi ba.

Amma an tambaye shi. Hadijatu, shugabar masu nonon da ke zuwa daga rugagen wajen Ikara, wadda shi ke ɗinke mata ƙore tun tana amarya, ta tsaya a rumfarsa wata rana da sabuwar roba a ka. Ta ce, "Gyartai, wannan abin ƙanenka yana riƙe ƙarnin nono. Yaya ake yi da shi?" Shi kuwa ko kai bai ɗaga ba ya ce, "Yaya kike yi da ƙwarya?" Ta ce a wanke a kife a rana. Ya ce, "To." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ya sha auna kalmar nan a sikelin zuciyarsa, kullum sai ta fito ba ƙarya a cikinta. Kullum kuma sai ya sake ɗora ta.

Rana ta kusa tsaka sai layin masu nono ya yi tsit. Hadijatu ce ta shigo, mata na biye da ita, kowace da roba a hannu ba a ka ba. Zanenta ya jiƙe da nono tun daga kafaɗa har ƙugu, ƙudaje na bin ta. Ba ta tsaya gaisuwa ba. Ta zube kwanon a gaban tabarmar Tukur, sauran ma suka zube nasu.

"Ga ƙwaryarka da ba a shuka ba. A tsakiyar hanya ta buɗe mini a ka. Tatsar safe duka ta tafi ƙasa."

"Baiwar Allah, yi haƙuri, bari in ba ki sabuwa."

"Ta sake yi mini wanka? Kai ka rantse. Nan wurin ka rantse, kowa ya ji."

"Mun ji!" in ji mai raken da ya yi dariya ɗazu. Waɗanda suka fi kowa dariya su suka fi kowa ɗaga murya. Wani ya ce a kira ta da sunanta na Larabci ko za ta ji kunya ta haɗe. Auwalu ya ji maganarsa ta safe a bakin wani, ta yi masa daɗi, daɗin kuma ya ba shi tsoro.

Aka kira Sarkin Kasuwa Ashafa. Dattijo ne mai jan magana, ya zo da sandarsa, ya ɗauki kwano ɗaya ya leƙa sama ta cikin tsagar.

"Yaro, ka ce a kore ka?"

"Ranka ya daɗe, na faɗa. Amma wallahi ban sani ba."

"Rashin sani ai shi ya sa ba a rantsuwa." Ya juya kwanon. "Komai na kasuwar nan yana lalacewa. Tukunya na fashewa, akwai mai liƙe ta. Fartanya na karyewa, ga maƙera can. Ƙwarya na tsagewa, ga gyartai. Ban hana kaya su lalace ba. Amma abin da in ya lalace sai dai matar mutane ta zauna ta yi kuka, ba a sayar da shi a nan. In akwai mai gyara waɗannan su riƙe nono, ka zauna, ka daina rantsuwa. In babu, kafin la'asar ka naɗe tabarmarka. Kuma in na kore ka, ka san Ikara da Kudan za su ji."

Sai duk idanu suka juyo rumfar bakin layi. Rabon da kasuwa ta dubi Auwalu gaba ɗaya haka, tun kafin ƙanensa ya dawo. Ya bar su suka jira. Ya ja zaren da ke hannunsa, ya ɗaure, ya cije ragowar.

"Gyartai, me ka ce?" in ji Sarkin Kasuwa.

"Ranka ya daɗe, ni ƙwarya na gada. Wannan ban san sunanta ba ma."

Aka yi dariya, dariyar tasa ce wannan karon. Tukur ya dube shi, ya sunkuya ya fara tattara kwanoni yana cusa su a buhu.

Auwalu ya je ya yi azahar. A sujada ya nemi natsuwa, sai ya tarar da kansa yana shirya yadda gidan zai koma: buhuna sun fita daga zaure, an wanke tsohuwar ƙwarya an mayar ɗaki, babu mai toshe hanci da sassafe. Ya sallame bai tabbata raka'a nawa ya yi ba.

Da ya dawo ya tarar da Hadijatu zaune a bakin rumfarsa tana matse zane.

"Sannu da wahala," ya ce.

"Yauwa." Ta ƙara murɗe zanen. "Mu da muka kife namu a rana, namu suka tsage. Matan gari da ke ajiye nasu a ɗaki, nasu na nan."

"Ikon Allah."

"Ikon Allah," ta maimaita. Ta dube shi, irin kallon da take yi wa saniyar da ta ƙi ba da nono. "Ni dai ban gaya wa Sarkin Kasuwa wanda na tambaya ba. Mun daɗe tare, Gyartai."

Ta tashi ta koma cikin 'yan uwanta. Bai san ko ta gane ba, ko kuwa zato take yi. Bai kuma san wanne ya fi muni ba.

Can sai ga Tukur da buhu a kafaɗa. Ya sauke, ya tsuguna kamar yadda ya yi da safe, ya ajiye curin mazarƙwaila a naɗe da ganye.

"Yaya, ka kai wa Inna. Akwai motar da ke lodin rake za ta Kurmi, na san direban. Zan bi ta."

"Ba za ka je gida ba?"

"In je in ce mata me? An kori ɗanki a gaban mata saboda rantsuwar ƙarya?" Ya share fuska da hula. "Da na dawo ta ce mini in na sake tafiya ba zan same ta ba. Ba zan iya kallon ta ba. Kai ka gaya mata. Kai ka iya magana kaɗan."

Tukur ba ya zargin sa. Abin da ya fi ci wa Auwalu rai ke nan. Yaron bai ma iya zargi ba. Ya ɗauki buhunsa ya nufi bakin tasha.

Auwalu ya zauna yana kallon curin mazarƙwaila. Ga abin da ya yi ta roƙo ba da baki ba ya samu. Ya fara tsara yadda zai shiga gida. Zai yi sallama, zai ajiye curin, zai ce Tukur ya tafi. Inna ba za ta yi kuka a gabansa ba, ba ta taɓa yi ba. Za ta juya fuska bango.

Daga nan sai ya tuna shekarun tafiyar farko. Shi ke noma, shi ke kawo cefane, shi ya yi mata jinyar ciwon ƙafa damina guda. Duk tsawon lokacin nan sunan Tukur bai bar gidan ba ko yini ɗaya. In mota ta yi ƙugi a hanyar Zariya, Tukur. In an dafa ɗanwake, Tukur na son wannan. In baƙo ya yi sallama da wata irin Hausa, ko ka ga Tukur? Yanzu da yake gida, da safe kawai take kiran sunan, da rana ta huta. In ya tafi, ba hutu. Za ta rungume jar robar nan, ta riƙa bitar ike da balastik ita kaɗai a ɗaki kamar mai jan tasbaha, shi kuma yana tsakar gida, yana nan a "kai".

Tukur na nesa ya fi Tukur na kusa cika gida.

Ya so a ce tausayi ne ya tashe shi. Ya laluba zuciyarsa ko zai sami tausayin tsohuwa, ko kunyar Hadijatu, ko tsoron ranar da za a tambaye shi "to" ɗin nan. Ya same su, amma ƙanana, a can gefe. Babban abin da ke tsakiya shi ne kishin nan da ya kwana da shi ya tashi da shi. Ya miƙe duk da haka.

Ya je wajen mai tsire ya roƙi garwashi a kasko. Ya dawo gindin ɗorawa inda fasassun kwanonin suke zube, ya zauna a ƙasa, ya ajiye curin mazarƙwailar a gefe, ya kwance tsummansa.

"Wani ya kira mini yaron nan daga tasha," ya ce. "A kuma gaya wa Sarkin Kasuwa."

Ya sa basillar Baba a wuta. Da ta yi ja ya ɗauki kwanon Hadijatu, ya huda gefen tsagar, hudar ta shiga ba gardama, wani wari mai ɗaci ya tashi ya shiga masa hanci. Ya bi gefe da gefe, ya zura kaba, ya ja ta haɗe. Sannan ya ɓalli guntu daga kwanon da ya fi lalacewa, ya ɗora bakin wuƙa mai zafi, ya shafe ɗinkin ciki da waje. Wani ɗigo ya faɗa masa a yatsa ya manne. Bai yarfe ba.

"Zuba ruwa," ya ce da Hadijatu.

Ta zuba. Aka ɗaga kwanon sama, kowa ya leƙa gindinsa. Bai ɗiga ba.

"A ina ka koya?" in ji Tukur, wanda ya iso yana haki da buhu a kafaɗa.

Auwalu ya ce da matan, "Kada ku ƙara kife ta a rana. Inuwa take so." Hadijatu ta dube shi, ta daɗe, sannan ta miƙo masa kwano na biyu.

Sarkin Kasuwa ya buga sandarsa. "To, yaro, shimfiɗa tabarmarka. Rantsuwa kuma ka bar wa alƙali."

Kwanonin da yawa, aikin kuma ba ya sauri. Mutane suka fara gundura, masu nono suka fara ƙunƙuni rana na tafiya. Auwalu ya ga in aka bar su haka wata rigimar za ta tashi. Ya mayar da basilla wuta, bai ɗaga kai ba.

"Kai, tsayuwar me kake yi? Riƙe mini su. Me ka ce Yarbawa ke ce mata?"

Tukur ya sauke buhun. "Ike, Yaya."

"To gaya musu, ba ni ba."

Tukur ya juya, ya gyara hula, ya buɗe murya. Bayarabe ya ce, Bature ya ce, Balaraben Fotlami ya shafa gemu. Da ya toshe hanci ya yi na Faransa, har Hadijatu sai da ta rufe baki da gefen mayafi. Da'irar ta juya gaba ɗaya, ta ba Auwalu baya.

Shi kuwa ya jawo curin mazarƙwaila cikin inuwa don kada ya narke kafin a kai wa Inna, ya ɗauki kwano na gaba, ya nemo inda tsagar ta fara.